Kifin Zinariya Da Haƙƙin Wanda Ba Ya Kuka

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci na tudu da na ruwa, Ya kuma ɗauki nauyin arzikin kowanensu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa. Bayan haka:

Ya ƴan uwa, na san wanda ya ga kan wannan maƙala yana iya cewa liman ya rasa abin faɗa, tun da ga tsadar hatsi, ga rashin tsaro, ga aure yana ta mutuwa, shi kuwa ya zauna yana maganar ɗan kifi a cikin gilashi. Ina neman afuwa, a yi mani haƙuri a karanta har ƙarshe. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne fatawar da na bayar cikin gaggawa, na kuskure a cikinta, kuma wanda ya kuskure a bainar jama'a bai kamata ya gyara a ɓoye ba.

A bazarar da ta wuce, wata rana bayan sallar Isha'i, wani Alhaji ɗan kasuwa daga cikin masu salla tare da mu a nan Maraɗi ya tsaya har mutane suka ragu, sannan ya matso ya ce: "Malam, ina da tambaya, amma ina jin kunyarta." Na ce masa babu kunya a neman sani. Ya ce a wata tafiya da ya yi ya ga ana sayar da waɗansu ƙananan kifaye jajaye masu sheƙi, irin waɗanda ake kira kifin zinariya, a cikin wani ɗan tulun gilashi. Mai sayarwa ya ce masa wannan shi ne kiwon da babu wahala a cikinsa: ba ya son ciyawa, ba ya son dusa, ba ya ɓata tsakar gida, ba ya damun maƙwabta da kuka, ɗan abin da yatsa biyu suka ɗebo na abinci ya ishe shi. Sai ya sayi guda uku da tulunsu, kuɗin bai kai na kaza biyu ba, ya kawo wa ƴarsa mai shekara bakwai tsaraba. Kafin sati uku duka sun mutu, ɗaya bayan ɗaya. Da na ƙarshe ya juya cikinsa sama, yarinyar ta dube shi ta ce: "Baba, mu muka kashe su?" Ya ce tambayar ta tsaya masa a rai, shi ya sa ya kawo ta gare ni.

Ni kuwa, Allah Ya gafarta mani, sai na yi murmushi na ce: "Alhaji, ai kifi ne. Kifin da ko mushensa an halatta mana? Je ka kwanta, babu kome." Ya yi godiya ya tafi. Waɗansu mutum biyu da suka ji mu suka yi dariya, ni ma na taya su.

Da na koma gida sai wani hadisi ya faɗo mani, wanda na sha karanta wa ɗalibai ina jin daɗinsa saboda yana yabon malamai. Shi ne hadisin Abud Darda'i (R.A.) da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, inda aka ambaci kifaye a cikin ruwa daga cikin masu nema wa malami gafara. Wasu masu sharhi sun ce hikimar haka ita ce, malami shi ke sanar da mutane haƙƙin dabbobi, saboda haka amfanin iliminsa yana kai wa har ga na cikin ruwa. Sai na tambayi kaina, in haka ne, da wane dalili kifi zai nema mani gafara a wannan dare? An tambaye ni haƙƙin abin da aka tsare, ni kuwa na ba da amsar halaccin abin da ake ci. Mas'aloli biyu ne dabam, na cakuɗa su domin abin ya yi mani ƙanƙanta a ido.

Sai na nemi wani tsohon ɗalibina da ya yi karatun kiwon kifi, na zauna gabansa kamar yadda ya taɓa zama gabana, na kuma karanta abin da ya ba ni. Ga kaɗan daga abin da na samu.

Asalin wannan kifi ƙasar Sin ne. Kakansa kifin kogi ne da tafki, mai launin toka-toka, wanda ake kamawa a ci. Lokaci lokaci akan sami ɗaya ya fito ja ko rawaya, sai mutane su keɓe shi a tafkunan da ke jikin wuraren bautarsu. A zamanin daular Song, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1279, aka shiga kiwonsa sosai a tafkunan gidajen manya. A zamanin daular Ming, daga 1368 zuwa 1644, aka fara shigo da shi cikin gida, ana ajiye shi a manyan kwatarniyoyi masu faɗin baki. A shekarar 1596 wani mutumin Sin mai suna Zhang Qiande ya wallafa littafi sukutum a kan yadda ake zaɓensa da yadda ake kula da shi. A lura da wannan: mutanen da suka fi kowa sanin kifin, su ne suka ga kulawarsa ta kai a rubuta mata littafi. Daga can ya shiga Japan, ya isa Turai a ƙarni na 17, ya isa Amurka a ƙarni na 19. Da ya yawaita ya yi araha, sai darajarsa ta faɗi, har ya zama abin da ake ba yara kyauta a wuraren wasa cikin leda. Maganar nan ta cewa ba ya bukatar kulawa ba daga masu kiwonsa na asali ta fito ba, ta yaɗu ne bayan ya zama hajar kasuwa mai araha.

To, mene ne ainihin bukatarsa? Na farko dai, ɗan kifin nan da ake gani kamar yatsa jariri ne. In ya sami wuri yana kai tsawon santimita 20 zuwa 30, yana kuma rayuwa shekara 10 zuwa 15, wani ya fi haka. A Ingila an yi wani da aka samu kyauta a wurin wasa a 1956, bai mutu ba sai a 1999, yana da shekara 43. Wato wanda ya saye shi ya ɗauki alkawarin da ya fi na rago tsawo nesa ba kusa ba, domin rago watanni ne a yi layya da shi. Saboda haka in ya mutu a sati uku, kada a ce kwanansa gajere ne a halitta. Ajali na Allah ne, babu shakka, amma mun san kuma ana tambayar bawa a kan sababi.

Na biyu, kuma nan ne abin ya fi ba ni tsoro, kifi yana zaune ne a cikin abin da yake sha, yake shaƙa, yake kuma yin bahaya a cikinsa. Jikinsa yana fitar da wani sinadari da ake kira amoniya, irin warin nan mai hawa kai da ke tashi daga makewayin da ya daɗe ba a wanke ba. A kogi ruwa mai gudu yana tafiya da shi, a tafki kuma akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda Allah Ya hore su suna sarrafa shi ya zama marar cutarwa. A ɗan tulun da bai wuce lita 4 ko 5 ba, babu gudu, babu isassun ƙwayoyin nan, sai gubar ta yi ta taruwa tana ƙona masa matattarar numfashi. Ruwan kuwa yana nan garau a ido, mai gida yana kallo yana cewa ai da tsabta. Kifin zinariya kuma ya fi yawancin kifayen ado ci da fitar da ƙazanta. Ba shi da tumbi irin na sauran dabbobi da zai tara abinci, abin da ya ci wucewa yake yi, kuma kullum aka zo kusa sai ya nuna yana so. Yaro mai tausayi sai ya yi ta zuba masa, ragowar ta ruɓe a ƙasa, ta ƙara dagula al'amari.

Sai maganar iska. Kifi yana numfashi da iskar oksijin da ta narke a ruwa, ita kuwa ta saman ruwa take shiga, shi ya sa tulu mai ƙaramin baki ya fi kowane mazubi muni. Ruwa kuma in ya yi zafi iskar da yake riƙewa raguwa take yi: a digiri 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 a kowace lita, a digiri 30 ya koma wajen 7 da rabi, alhali a cikin zafin ne jikin kifin ya fi bukatarta. Shi kuwa wannan kifi na ruwan sanyi ne, ya fi sakewa a wajen digiri 18 zuwa 23. Yanzu a tuna da ɗakin kwano a Maraɗi ko Tawa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga kuran ya yanke, randa kanta tana neman taimako. Da na koma wa Alhaji da wannan bayani, ya yi shiru, sannan ya ce yarinyar takan kira shi ta ce ya zo ya ga kifayenta suna gaishe ta, domin suna tasowa sama suna buɗe baki. Ba gaisuwa ba ce. Numfashi ne ya gagare su a ƙasa.

Masu kiwonsa na gaskiya suna cewa kifi ɗaya yana son lita 50 zuwa sama, wato jarka biyu ta lita 25, a mazubi mai faɗi, da na'urar tace ruwa mai aiki dare da rana, sannan kowane mako a ɗebe wajen rubu'in ruwan a zuba sabo. Sabon ma ba a zuba shi daga pampo kai tsaye, saboda sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan sha don ya kashe cuta shi ma yana cutar da kifi, sai an bar shi ya kwana a buɗe ko an sa masa magani. Wannan shi ne kiwon da aka ce wa Alhaji babu wahala a cikinsa.

Mai karatu zai ce, in haka ne, ta yaya maganar ta yaɗu a duniya har kowa ya yarda da ita? Amsar tana cikin wata baiwa da Allah Ya yi wa wannan kifi. Yana da juriyar da kaɗan ne daga kifaye ke da irinta. Tun a 1980 masu bincike suka gano cewa in iska ta ƙare masa, musamman a ruwan sanyi, jikinsa yana da wata hanya ta ci gaba da rayuwa na wani lokaci, yana mayar da gubar da ke taruwa a tsokarsa ta zama barasa, ya fitar da ita cikin ruwa. Tsarki ya tabbata ga Mai halitta. Mu ma a nan mun san gaiwa, wadda ke shiga cikin laka in tafki ya ƙafe, ta jira damina. To, wa zai ce gaiwa ba ta son ruwa don ta iya haƙurin rashinsa? Abin da aka yi wa kifin zinariya ke nan. Inda wani kifi zai mutu a kwana biyu, shi sai ya yi wata uku ko shekara yana fama, girmansa ya tsaya, jikinsa ya tsumbure, mutane kuwa su ce ga shi nan lafiya lau, har su ƙara da cewa wai girmansa daidai da mazubinsa yake tsayawa. Haƙurinsa aka mayar hujja a kansa.

Nan ne tambayar ta tashi daga ta kifi ta zama tamu. Shin nauyin abin da ke hannunka yana raguwa ne saboda ba ya iya kai ƙara? Akuya in ta ji yunwa unguwa duka sai ta sani. Jaki yana da muryarsa, kyanwa tana bin ƙafarka har ka gaji ka ba ta, kaza ma tana da abin da take yi. Waɗannan suna karɓar haƙƙinsu da ƙarfin damu, sau da yawa muna ba su ne don mu huta, muna kuma lissafa shi cikin tausayi. Kifi ba shi da murya, ba shi da hawaye da za a gani a cikin ruwa, ba shi ma da fatar ido da zai lumshe a gane ya galabaita. Duk abin da za ka yi masa, sai dai ka yi shi domin ka sani kuma kana tsoron Wanda ke ganinka. A ganina shi ya sa kiwonsa ya fi na akuya zama jarrabawa, ko da yake an sayar da shi da sunan sauƙi.

Asalin ajiye dabba don sha'awa halal ne, kada wani ya fahimce ni a karkace. Anas ɗan Malik (R.A.) yana da ƙane ƙarami da ake yi wa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi (S.A.W.) ya san da haka bai hana ba, da tsuntsun ya mutu ma ya ga yaron cikin baƙin ciki, sai ya tambaye shi labarinsa cikin lallashi. Buhari da Muslim sun ruwaito shi, malamai kuma sun ciro hukunce-hukunce masu yawa daga cikinsa, har da halaccin yaro ya riƙe tsuntsu matuƙar ba a azabta shi. A kan wannan ne malaman zamani da dama suka halatta ajiye kifin ado. Kallon halittar Allah da jin daɗin kyanta ba laifi ba ne, yana ma iya zama hanyar tunani.

Amma Buhari da Muslim ɗin nan su ne suka ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. A duba da kyau, ba a ce ta doke ta ba, ba a ce ta yanka ta ba. Tsare ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. Laifin ya taru ne daga abu biyu, tsarewa da sakaci, ko wanne shi kaɗai da bai kai haka ba. Dabbar da ke sake a daji ba a tambayar ka abincinta. Ranar da ka rufe ta, ka yanke ta daga hanyoyin da Allah Ya tanadar mata, to ka shiga tsakaninta da arzikinta, duk abin da daji ke yi mata ya dawo wuyanka. Ga kifi abin ya fi tsanani, domin ita kyanwa iskar ɗakin da aka kulle ta ba a hannun matar take ba, shi kuwa har numfashinsa a hannunka yake. Kai ne koginsa, kai ne daminarsa.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan ga son rai ba. A cikin Muhtasar na Shehu Halil an wajabta wa mai dabba ciyar da ita in babu makiyaya, in kuwa ya ƙi ko ya kasa, a tilasta masa ya fitar da ita daga mallakarsa. Shehu Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a Misira a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabbobi a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, abin da ya fara da shi kuwa shi ne a yi wa dabba hidima gwargwadon abin da irinta ke bukata, ko da ta tsufa ko ta yi ciwon da ba a amfana da ita. Ma'aunin ke nan, bukatar irinta. Ba a auna shi da abin da ya sauƙaƙa ga mai ita ba, ba a kuma auna shi da kuɗin da aka saye ta ba. Bukatar raƙumi dabam, ta tantabara dabam, kuma wanda ya ɗauki kiwon abu, neman sanin bukatarsa ya zama wajibi a kansa, kamar yadda wanda ya shiga kasuwa ya wajaba ya san hukuncin ciniki.

Akwai masu cewa, to ai kullum masunta suna fitar da kifi daga tafkin Madarunfa da na Tabalak, yana mutuwa a kan tudu, muna saye muna ci, wane ne ya ce an yi zunubi? Wannan ita ce shubuhar da ni kaina na faɗa cikinta. Amsa ita ce, an yi mana izinin ɗaukar rai don wata bukata da shari'a ta yarda da ita, kuma ko a nan an umarce mu da kyautatawa da gaggautawa, kamar yadda duk wanda ya karanta Arba'una ya sani game da wasa wuƙa da hutar da abin yanka. Tarwaɗar da aka kama ta ciyar da iyali, mutuwarta ta ɗan lokaci ce. Wanda ke cikin tulu kuwa makonni yake yi yana mutuwa a hankali, ba a ci shi ba, ba a sayar ba, a ƙarshe a zuba shi a kwata. Izinin yanka rago bai taɓa zama izinin barinsa da ƙishirwa a turke ba.

Wasu kuma suna cewa kifi ba ya ji, ba ya ma tuna abin da ya wuce da daƙiƙa uku. Wannan tatsuniya ce. Masu bincike a jami'ar Plymouth ta Ingila sun koya wa kifin zinariya danna wani ɗan maɓalli don abinci ya fito, har ya gane sa'ar da abin ke aiki, aka kuma tabbatar yana riƙe abin da ya koya watanni. A 2003 kuma wata mai bincike, Lynne Sneddon, ta nuna cewa wani nau'in kifi yana da jijiyoyin da ke ɗaukar ciwo, kuma halinsa yana sauyawa in an cutar da shi. Mu dai ba mu jira wannan ba kafin mu san hukunci, domin an riga an sanar da mu, a labarin mutumin da ya shayar da kare aka gafarta masa, cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai. Inda ake samun lada a kyautatawa, ana jin tsoron alhaki a cutarwa.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Garin Monza na Italiya ya hana ajiye kifi a tulun gilashi a 2004, birnin Rum ya bi sawu a 2005, ya kuma hana bayar da shi kyauta a wuraren wasa. A Iran al'ada ce a sayi wannan kifi a ɗora a kan teburin bikin sabuwar shekararsu ta Nairuz a watan Maris, ana sayen miliyoyi, mafi yawa ba sa daɗewa. A 2016 shugaban ƙasar na lokacin, Hasan Ruhani, ya yi jawabin bikin da lemo a cikin tulun ruwa a maimakon kifi. Abin kunya ne a ce majalisar wani gari a Turai ta riga mai karanta hadisin kyanwa gane wannan.

Kada kuma wanda ya gaji da nasa ya ce bari ya kai shi tafki ya sake, ya ɗauka ya yi sadaka. A inda aka yi haka an yi nadama. A 2021 hukumar garin Burnsville a Amurka ta roƙi mutane su daina, bayan an kamo waɗansu ƙatta a tafkinsu, a kogin Vasse na Ostareliya kuma an sami masu nauyin kusan kilo 2. Yana tumɓuke tsirrai, yana dagula ruwa, yana cinye ƙwan kifayen wurin. Wanda ya zuba baƙon kifi a ruwan da masunta ke ci daga gare shi, ya sauke nauyinsa ne a kan jama'a. Mafita ita ce a ba wanda ke da hali da sani.

Saura magana ɗaya mai nauyi, ita ce ta wanda zai ce: Malam, a Damagaram mata da yara suna kwana a layin pampo, kai kana cewa a ba kifi lita 50? Wannan magana gaskiya ce, ban kuwa da abin da zan mayar mata. Ita ce ma ta sa nake ganin mafi yawanmu a wannan ƙasa, da zafinmu da ƙarancin ruwanmu da yankewar wutarmu, abin da ya fi mana shi ne mu bar wannan kifi inda yake. Wanda Allah Ya yalwata masa, yana da ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa, ya kuma sauke haƙƙin maƙwabcinsa, ya ajiye, babu mai hana shi. Son sauƙi ba aibi ba ne, addininmu ma yana son sauƙi. Sai dai wurin neman sauƙi shi ne kafin a ɗauki amana, lokacin da mutum ke da ikon cewa ba zan iya ba. Bayan an ɗauka, sauƙin da ka nema wa kanka daga jikin wanda ke hannunka ake yankarsa.

Tun da na gane wannan, kunnena ya fara tsayawa a kan wata kalma da muke yawan faɗi a gidajenmu muna nufin yabo: "ai ba ta da matsala." Muna faɗinta ga ƴar aikin da aka kawo daga ƙauye, wadda ke cin abin da ya rage ta kwanta a inda ta samu. Muna faɗinta ga uwargidan da ta daina tambaya, da tsohuwar da ke ɗakin baya wadda kullum in an leƙa sai ta ce lafiya lau, da almajirin da ba ya ƙorafi. Sau nawa muka bincika ko babu matsalar ce, ko kuwa mai ita ne ba shi da bakin faɗi, ko ya faɗa har ya gaji? Ban ce mutum da kifi ɗaya ne ba, Allah Ya girmama ɗan Adam. Amma halin da ke sa a auna bukatar wani da yawan kukansa hali ɗaya ne, kuma yaro a gida yake koyonsa. In kifi ya mutu aka zubar aka sayo wani kafin ya taso daga makaranta, aka yi haka sau biyu sau uku, ya koyi cewa mai rai in yana da araha kuma ba ya magana, madadinsa ake nema.

Shi kuwa mai sayarwa, in ya san gaskiya ya ɓoye don hajarsa ta shige, ya shiga cikin algus da aka yi mana kashedi a kansa. In bai sani ba, kamar yadda nake zaton yawancinsu, to ya daina faɗin abin da bai sani ba, domin da kalmarsa ake saye.

Bayan kwana tara da waccan fatawa na je shagon Alhaji da kaina, na kuma sa aka kira mutum biyun da suka yi dariya tare da ni. Na ce masa amsar da na ba shi ba daidai ba ce. Abin da nake gani shi ne, bai yi nufin cutarwa ba, an kuma ruɗe shi da magana, saboda haka muna kyautata zaton Allah ba zai kama shi da abin da bai sani ba, amma ya nemi gafara a kan rashin tambaya kafin saye, kuma daga yau ba shi da uzurin jahilci, ni ma haka. Ya ce: "To Malam, ita yarinyar me zan ce mata?" Na ce ya gaya mata gaskiya daidai hankalinta, cewa gidan da muka ba su ya yi musu kaɗan, ruwan ya yi musu zafi, ba mu sani ba, yanzu mun sani. Kada ya ce mata ai kifi ne kawai, domin tambayarta ta fi amsata kyau.

Da na sake bi ta shagon bayan sallar layya, na tarar da tulun a kan kanta an cika shi da dabino. Alhaji ya ce ya yi mata tayin wani kifin a babban mazubi, ta tambaye shi ko ɗakin zai daina zafi, ya ce a'a, sai ta ce a bari. Tantabaru biyu ta roƙa, ya kafa mata tukunya a jikin katanga, ita ke zuba musu ruwa kowace safiya kafin ta tafi madarasa.